Hanyar Da Mota Ba Ta Bi

 

Yau keke za mu hau. Na san da yawanku, musamman 'yan jeka-ka-dawo na ƙauyukan arewacin Kano, keke ne ƙafarku. Da shi ake zuwa makaranta, da shi ake kai niƙa, da shi ake kai abinci gona. Abin da nake so mu duba shi ne hanyar da kuke ɗora tayar a kanta.

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Kano ya ratsa Dambatta da Kazaure ya nufi Daura, ko kuwa na Katsina da ya bi ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, da misalin ƙarfe 7 na safe, zai ga 'yan makaranta sun jeru a gefen kwalta a kan kekuna. Wani da goyo, wani ya ɗaure jakar littattafai a kariya da roba, wani birkinsa silifas ɗin ƙafarsa ne. Idan tirela ta taho da gudu, iskarta kaɗai ta isa ta karkatar da yaro. Ranar Lahadi kuwa, da kasuwar Dambatta ke ci, ko da yake babu boko, aike ba ya ƙarewa, ga motocin dabbobi suna rige-rige. Direban da ke sauri ba ya lissafa mai keke a cikin masu haƙƙi a titi. Shi a wurinsa, kai ne za ka kauce.

Alhali a wurare da yawa, taku kaɗan daga bakin kwaltar, akwai wata hanyar da ta riga kwalta zuwa duniya. Ta bi ta tsakanin gonaki, ta wuce gindin kuka, ta ratsa bayan wata unguwa, ta ɓulla kusa da makaranta. Ɗalibi ya san da ita sarai, sai dai yana ganin bin ta ƙauyanci ne, wai za a gan shi da jar ƙura a wando.

Bari in ɗauke ku zuwa Faransa na ɗan lokaci, ku ga yadda wasu suka ɗauki irin wannan hanya. Faransa ƙasa ce da keke ke da daraja. Tun 1903 suka fara gasar tseren kekuna ta zagaye ƙasa, wadda ake kira Tour de France, kuma har yau ana yin ta. To amma magidancin da ke son fita shan iska da 'ya'yansa ranar hutu ba ya son haɗa hanya da mota. Sai hukumomi suka duba abin da ke hannunsu. Suna da tsofaffin layukan dogo da jirgi ya daina bi. Suna kuma da hanyoyin da ke bin gefen manyan magudanan ruwa da aka haƙa domin jigilar kaya, inda a da dawakai ke tafiya a bakin gaɓa suna jan jiragen ruwa da igiya. Ɗaya daga cikin magudanan, Canal du Midi, tsawonsa kilomita 240 ne, kuma tun 1681 aka buɗe shi. Sai suka cire ƙarafan dogo, suka share, wani wuri suka shimfiɗa kwalta, wani wuri suka zuba ƙananan tsakuwa suka daddaɓe, suka kakkafa alamu. Sunan da suka raɗa wa irin wannan, in an fassara, shi ne koriyar hanya. Wadda aka fi ambata a matsayin ta farko ita ce ta tsakanin garuruwan Givry da Cluny a yankin Burgundi, da aka buɗe a 1997 a kan wani tsohon layin dogo. A 2004 dokar hanya ta ƙasar ta fayyace cewa koriyar hanya ta mai tafiya a ƙasa ce da mai keke da mai doki, abin hawa mai inji ba ya shiga.

Dalilin da ya sa tsohon layin dogo ya dace da keke kuwa, jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsanani, don haka tun farko an daidaita masa hanya, an sare tuddai an cike kwaruruka. Mai keke sai ya gaji wannan sauƙin. Yau mutane daga ƙasashe daban-daban suna biyan kuɗin jirgi su je Faransa don kawai su yi kwanaki suna tuƙa keke a tsakanin gonakin inabi da na alkama. Har kekuna na musamman ake ƙerawa domin hanyar tsakuwa, masu kaurin taya, kuɗin wani ya fi na sabon babur.

Mu kuma a nan, a tsakiyar irin waɗannan hanyoyi aka yanke mana cibiya, kuma ba wanda ya kashe ko sisi wajen yin su. Ƙafar mutum da kofaton jaki da na saniya ne suka yi su.

Akwai dalilin da ya sa suke da yawa haka. Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a wannan yanki na Afirka. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya koma Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin wannan karkara tun daga shekarun 1960. Ya rasu a 2017. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ake noma gona ɗaya duk shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, amma kuma ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki. Jakuna suna ɗauko toka da shara da kashin dabbobi daga birni zuwa gonaki, su koma da itace da hatsi. Manomi kuma ba ya sare bishiya mai amfani, shi ya sa in ka hango gonakinmu daga nesa za ka ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya a tsaitsaye kamar an dasa su a lambu. To, inda gidaje suka warwatsu a cikin gonaki, gado kuma yana rarraba gona ɗaya gida uku gida huɗu, dole kowa ya sami ta inda zai isa tasa. Ga rijiya, ga masallacin Juma'a, ga kasuwannin da ke ci rana daban-daban. Kowane ɗaya yana jan tasa hanyar. Tun kafin mota ta zo ƙasar nan fatake suke ratsa wannan karkara tsakanin Katsina da Kano, kuma ta nan ɗan yawon binciken nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ya shiga Kano a 1851.

Mai keke ya kamata ya iya bambanta hanyoyin nan, domin kowace da halinta. Akwai turba, 'yar siririyar hanyar ƙafa, wadda faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba. Ita ce ta fi daɗin tuƙi da rani, saboda ƙafafu sun daddaɓe ta ta yi tauri kamar daɓe. Aibinta kawai, in kun yi karo da wani dole ɗaya ya sauka. Akwai hanyar burji, wadda hukuma ta zuba wa jar ƙasa mai tsakuwa. Ita wannan mota tana bi jefi-jefi, musamman ranar kasuwa, kuma in ta kwana biyu ba a gyara ba sai ta yi gargada, ta riƙa girgiza mutum har haƙora su kama kaɗawa. Dabarar ita ce ka nemi gefen da tayoyin babura suka lallausa, ka bi nan.

Sai kuma burtali, wanda shi ne babban yayansu. Burtali hanyar dabbobi ce da aka ware a tsakanin gonaki domin shanu da tumaki su wuce zuwa kiwo da mashaya ba tare da sun shiga shuka ba. Za ka gane shi da shingen da ke gefe da gefe, na aguwa ko bini-da-zugu ko ƙaya. Yana da faɗi, wani lokaci yana da inuwa, kuma yakan yi nisa, ya haɗa ƙauyuka da dama. Matsalarsa ga mai keke ita ce rairayi, domin kofato yana tona ƙasa, ruwan damina kuma ya tara yashi a duk inda ya yi gangare.

A nan ne ilimin kimiyyar da kuke yi a aji zai yi muku rana. Kun taɓa lura da ƙafar raƙumi? Faffaɗa ce, mai taushi, in ya taka sai ta baje, shi ya sa ba ya nutsewa a yashi duk da nauyinsa. Nauyi in ya bazu a wuri mai faɗi, danninsa a kan kowane ɗan yanki yana raguwa. Haka tayar keke take. In ka cika ta da iska ta yi tauri kamar dutse, 'yar ƙaramar fuska ce ke taɓa ƙasa, sai ta yanki rairayi ta nutse. In ka ɗan rage iskar, tayar za ta baje, ta hau saman yashin. Masu tsadaddun kekunan Faransa ma abin da suke yi ke nan. Amma a yi hattara, in iskar ta yi ƙaranci sosai, ka hau kan dutse ko saiwa, ƙarfen wili zai datse robar ciki ta yi huda biyu a jere, kamar saran maciji. Gwajin mai sauƙi ne: ka danna tayar da babban yatsa, ta ɗan lotsa kaɗan, kada ta shige.

In ka hango rairayi a gabanka, ƙara ƙarfin tuƙi tun kafin ka shiga, ka ja jikinka baya a kan sirdi don gaban keken ya yi sauƙi, ka kalli inda za ka fita, kada ka kalli tayar gaba. Kada ka ƙanƙame kan keken, bar shi ya ɗan yi wasa a hannunka, kuma kada ka daina juya feda. Wanda ya tsorata ya taka birki a tsakiyar yashi, nan zai kafe. In yashin ya yi zurfi kuwa, sauka ka tura, babu abin kunya a ciki.

A kan burji kuma birkin gaba ne abin tsoro. Tsakuwa tana mirginawa a ƙarƙashin taya, in ka damƙi birkin gaba da ƙarfi, musamman a kwana, tayar za ta zame ka sha ƙasa, kuma ƙujewar burji ta fi ta kwalta zafi, ga tsakuwa a cikin ciwo. Rage gudu tun kana miƙe, kafin kwanar, ka fi dogara da birkin baya, a hankali. Ga wanda kekensa ba shi da birki gaba ɗaya, maganata da shi gajeriya ce: kuɗin robar birki bai kai na ɗinkin goshi ba.

Babban abokin gabar mai keke a karkara dai ƙaya ce. Tsidau yana shimfiɗe a ƙasa kamar ba kowa ba, 'ya'yansa kuwa duk yadda suka faɗi akwai tsinin da ke kallon sama. Ga ƙayar aduwa da ta magarya da ta bagaruwa. Gawo ma, duk alherinsa ga gona, yana zubar da ƙaya, kuma da rani makiyaya suna sassaro rassansa don dabbobi, su bar tarkacen a ƙasa. Saboda haka tsakiyar turba, inda ƙafa ke bi kullum, ya fi gefenta tsabta, kuma a bakin shinge ne ƙaya ta fi taruwa. A titi mai faci ba ya nisa, amma a burtali kai ne mai facin kanka. Ɗan famfo, da sholisho, da guntun tsohuwar robar ciki, da takardar goga, da sifana ɗaya, duk za su shiga leda guda a ɗaure a ƙarƙashin sirdi. Wanda bai iya faci ba ya je ya zauna wurin mai gyaran keke na yamma ɗaya, ya kalla. Abin da masu koyo suka fi mantawa shi ne shafa cikin tayar da yatsa a hankali a zare ƙayar kafin a mayar da roba, in ba haka ba kafin ka yi taku goma ta sake hudawa.

Hanyoyin nan kuma suna canza hali da lokaci. Yanzu da aka kawar da amfanin gona, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, shi ne lokacinsu. Ƙasa ta bushe, an sare kara, ido yana gani nesa, sai dai hazo da ƙura, waɗanda ke cin sarƙar keke in ba a gogewa ana ɗiga mata mai. Da bazara a yi sammako, a ɗauki ruwa. Da damina kuwa lissafin ya juye: jigawa mai yashi takan daddaɓe bayan ruwa ta yi daɗin tuƙi, fadama kuma ta zama taɓo mai kama taya ya cushe tsakanin ta da murfinta har ta ƙi juyawa. Dawa da gero in sun yi tsawo sukan rufe kwana, ba ka ganin mai tahowa, don haka ƙararrawa ta zama dole. Rafi kuma in ya kawo, ko da ka san shi tun kana yaro, a jira ya janye.

Kada wani ya ce na ce hanyoyinmu daidai suke da na Faransa. Can dokar 2004 ta kori inji, nan kuwa babur yana shiga ko'ina, har inda akuya ke shakkar bi. Ga amalanken shanu, ga jakuna da mangala. Bambanci mafi girma shi ne, tasu hanyar shaƙatawa ce, tamu kuwa hanyar neman abinci ce, kuma tana da masu ita. Mai keke baƙo ne a burtali. In ka haɗu da garke, tsaya, ka sauka, ka raɓe gefe ɗaya, kada ka kaɗa ƙararrawa kuma kada ka kutsa tsakaninsu. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta san wasa ba. Ka yi wa makiyayin sannu, ka bari su wuce. In ka tarar da mata ɗauke da itace ko tulu a turba, kai ne mai saukowa, domin juyawa da kaya a ka ba abu ne mai sauƙi ba. In ka zo wucewa ta gaban dattawa a gindin bishiya, rage gudu ka yi sallama, wanda ya sauka ma ya fi. Ranar da tayarka ta yi faci ko ka ɓata hanya, su ne za su ce a kawo maka ruwa. Gonar mutane kuma ba hanya ba ce, ko da an girbe, domin inda keke ɗaya ya ratsa yau, gobe goma za su bi, kafin damina an yi wa mai gona turba a tsakiyar abincinsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Hanyoyin nan suna ƙanƙancewa. Jama'a na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa, sai manomin da ke bakin burtali ya ƙara kunya ɗaya bana, maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya ga haka shi ma ya ƙara. Ba wanda zai ce an yi wani abu, kunya ɗaya ce. Bayan shekara goma, inda garke ke wucewa a sake ya koma inda shanu biyu ba sa jerawa. Dabba kuwa ba ta san iyaka ba, in hanya ta matse sai ta faɗa shuka, daga nan sai ɓarna, sai ƙara gaban mai unguwa ko dagaci, wani lokaci abin ya wuce nan. Sau da yawa rigimar manomi da makiyayi da kuke ji, in aka bi sawunta, za a tarar da wani burtali da aka cinye. Ni a ganina wanda ya ci burtali ya fi wanda ya ci iyakar gonar maƙwabcinsa laifi, domin shi maƙwabci mutum ɗaya ne kuma zai yi magana, burtali kuwa na kowa ne, shi ya sa ba mai yi masa kuka.

Faransawa ma sun sha wannan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka shiga haɗe ƙananan gonaki ana mayar da su manya domin tarakta, an tumɓuke shingaye masu yawa, an nome hanyoyin karkara da dama. Sai da suka ɓace aka gane amfaninsu. A 2022 aka yi dokar da ta ba ƙananan hukumominsu damar ƙidaya hanyoyin karkarar da suka rage, a rubuta su, don kada wani ya wayi gari ya ce gonarsa ce. Mu kuma ga sabon layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, an tsara ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Su suna cire dogo suna yin hanyar keke, mu yanzu muke shimfiɗawa. Alheri ne, amma duk babban aikin da ya ratsa karkara, hanyar da aka sani aka kuma yi magana a kanta ita ake bar wa mashiga.

Shi ya sa nake da aikin da zan ba ku, kuma keken kansa shi ne ma'aunin. Sa alama da alli a tayar baya da kuma ƙasa, ka tura keken a miƙe har alamar ta sake taɓa ƙasa, ka auna tsakanin da tef ɗin tela. A manyan kekunan nan irin su Raleigh da Phoenix, masu wili inci 28, za ka sami kusan mita 2.2. Wato taya tana juyawa kusan sau 450 a kilomita ɗaya. Ƙirga juyin taya kana tuƙi ba zai yiwu ba, amma juyin feda zai ƙirgu. Ƙirga haƙoran babban faifan sarƙa na gaba, ka ƙirga na ƙaramin na baya, ka raba. In na gaba 44 ne na baya 20, kowane juyin feda ɗaya taya ta juya sau 2.2, ka yi tafiyar kusan mita 5 ke nan, kuma juyi 200 da 'yan kai ya ba ka kilomita. Sharaɗin kawai kada ka saki feda keken ya gangara da kansa, domin wannan tafiyar ba ta shiga ƙirga ba. Wanda ke da waya mai taswira zai iya gwada lissafinsa da nata, ya ga wa ya fi kusa.

Da wannan sai ka zana hanyar da ta tashi daga ƙofar gidanku zuwa ƙofar makaranta ba tare da ta hau kwalta ba, ko kuma ta tsallaka ta sau ɗaya kawai. Sa manyan bishiyoyi, da rijiya, da inda rairayi yake, da inda ruwa ke kwanciya. Auna faɗin burtalin da taku a wuri uku ko huɗu, ka rubuta. Sannan ka sami wani dattijo ka tambaye shi sunan hanyar, da inda ta nufa, da yadda faɗinta yake lokacin yana yaro. Za ka ji sunayen da ba sa cikin kowace taswira. Wataƙila ka tarar hanyar cikin gonaki ta fi ta titi tsawo da 'yan mintoci, wataƙila kuma ka tarar ta fi ta kusa, tunda titi garuruwa yake bi, turba kuwa kai-tsaye take tafiya.

Ƙannena mata, aikin nan har da ku. Na san a wasu gidajen ba a son ganin budurwa a kan keke, a wasu kuma ba a ɗauke shi komai ba, kowa da tsarin gidansu, kuma maganar iyaye ita ce gaba. Sai dai nisan makaranta yana cikin abubuwan da ke sa yarinya ta tsaya a aji uku. A jihar Bihar ta ƙasar Indiya, a 2006 gwamnati ta fara ba 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna yawan masu ci gaba da karatu ya ƙaru sosai, musamman a ƙauyukan da makaranta ta yi wa nisa. Sau da yawa abin da uba ke tsoro titi ne da motocinsa, kuma in ya ga 'yan mata huɗu ko biyar suna tafiya tare ta hanyar da ta ratsa unguwannin da ya san mutanensu, hankalinsa zai fi kwanciya. Mai hawa ta tattare hijabi da zane sosai, kada gefensa ya kusanci sarƙa ko wayoyin wili, kuma a tabbata murfin sarƙa yana nan.

Masu son yawon ranar Asabar kuma, yankin yana da wuraren zuwa. Ga dam ɗin Tomas a wajen Dambatta, ga na Watari a Bagwai, inda da rani za ka ga fadama kore shar da tumatir da albasa alhali ko'ina ya bushe, ga na Wasai a Minjibir. A je a kalla, ban ce a shiga ba. Ruwan dam yana da zurfin da ba a gani, ruwan kwance kuma yana sa tsargiya, na Wasai kuwa kogin Jakara ne ke zuba a cikinsa bayan ya kwaso dattin birni. A tafi mutum uku ko fiye, a faɗa a gida inda za a da lokacin dawowa, a juyo tun la'asar. Inda manya suka ce hanya ba lafiya, musamman can ƙauyukan kan iyaka, magana ta ƙare, a zauna a gida.

Wanda ya kammala taswirarsa ya nuna wa malaminsa na labarin ƙasa ya duba, sannan ya aiko mana da sunansa da ajinsa da makarantarsa. Waɗanda suka fi bayani za mu buga su a wannan shafi. A zana da biro, fensir ba ya fitowa a ɗab'i. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.